Hannun da Ya Rage Maka Bayan An Cinye Ka

Jikana,

Tun a mota ranar Asabar na so in yi maka wannan magana, lokacin da muke dawowa daga gasar ƙwallon tebur ta makarantunku. Da na waiga na ga idonka ya kaɗa ya yi jawur, ka jingina kai da gilashi ba ka ce uffan ba, sai na haɗiye maganata. Tukunyar ƙasa in an sauke ta daga wuta ba a watsa mata ruwan sanyi, tsagewa take yi. Yau kwana uku ke nan, na san ka huce, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina zaune a layi na biyu, komai a idona aka yi. Wasan kusa da na ƙarshe ne, kun ci zagaye bibbiyu, a na biyar kuka yi kunnen doki, 10 da 10. Ya ci ɗaya da ƙarfin hannunsa. Ta ƙarshen kuwa ƙwallon ta taɓi bakin raga, ta yi kamar za ta koma, sannan ta sulale ta faɗo ta wajenka, inda ko mai fiffike ba zai cim mata ba. Yaron ya ɗaga hannu, alamar ya san sa'a ce ta taimake shi. Sai ya zagayo tebur ya miƙo maka hannu. Kai kuwa ka yi jifa da katakon bugun ƙwallon, ka suri jakarka, ka fice. Hannunsa ya tsaya a sama shi kaɗai, jama'a na kallo. Ya dube shi, ya rasa yadda zai yi da shi, daga ƙarshe ya goge shi a jikin wandonsa kamar dama gumi yake son sharewa.

Cinye ka da aka yi bai hana ni cin tuwon dare ba. Wannan hannun ne ya hana ni barci, domin na san shi. Ni ma na taɓa barin hannun mutum a rataye, kuma na fi ka shekaru a lokacin.

An fi shekara 50 da yin abin. A unguwarmu akwai wata ceɗiya a ƙofar gidan mai unguwa, ƙarƙashinta ake dara bayan la'asar. Gurabe 30 a haƙe cikin rairayi, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Wata shekara bayan an gama aikin kaka samari suka shirya gasa, mutum 16, wanda aka cinye ya fita, wanda ya rage ya ɗauki ƙwaryar goro. A lokacin ana cewa babu mai ja da ni a dara, ni ma na yarda da hakan har cikin zuciyata. Na kai wasan ƙarshe, na haɗu da wani tela, abokina tun makarantar allo, wanda muka sha bulalar malam ɗaya tare. Ya ɗana mini tarko, girman kai ya sa na taka, ya bi 'ya'yana yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya har na rasa abin jerawa. Ya karkaɗe ƙurar hannunsa ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Sannu malam, yau dai Allah ya ba ni sa'arka."

Na miƙe na sa ƙafa na shure gurabun. Tsakuwa da kara suka watse, rairayi ya zuba a cinyar wani dattijo da ke kallo. Na ce ya matsar da ɗa lokacin da na juya, alhali na san ƙarya nake yi. Dattijon ya karkaɗe rigarsa a hankali, bai ko ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, shi goro ya ci, kai kuwa mutuncinka ka zubar." Shekara bakwai ba ma ga-maciji da telan nan. Na kwashe ɗinkina na kai wata unguwa. Yau cikin sa'o'inmu da suka rage babu mai tuna yadda wasan ya gudana, amma kowa yana tuna shurin.

Na daɗe da yin nadama, sai dai ban gane ainihin abin da na zubar a ranar ba, har sai da na ga darasin a wurin da ban taɓa zato ba. A 2003 wurin aikina ya tura ni kwas na 'yan watanni a Amurka. Wanda muke zaune gida ɗaya da shi ba shi da abin kallo da dare sai tashar wasanni ta ESPN, ita kuwa a shekarar ta dage da nuna wata gasar karta da ake kira poka, wadda ake yi kowace shekara a birnin Las Vegas tun 1970.

Bari in tsaya nan in ja kunnenka. Poka caca ce, caca kuwa haramun ce. Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta hane mu. Da idona na ga magidanci ya sayar da gonar gado saboda karta, iyalinsa suka koma cin bashi. Ban taɓa zama a teburinta ba, kai ma kada ka kusance ta, ko ta waya ko ta fili. Amma zinariya ko a bola aka tsince ta zinariya ce. Abin da na tsinta a wannan bolar ɗabi'a ce guda ɗaya, ita nake son in miƙa maka.

Ga yadda babbar gasar take. Kowa zai biya dala 10,000, a ba shi wasu 'yan faifan roba daidai da na kowa, su ne jarinsa. A raba wa kowa kati biyu a rufe, a riƙa buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa zai haɗa da nasa. Wanda faifansa suka ƙare ya tashi ke nan, babu dawowa sai baɗi. A shekarar da na kalla mutum 839 suka zauna. Wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya kayar da Sam Farha, haifaffen Labanan, a karon ƙarshe, ya tafi da dala miliyan 2.5. Zuwa 2024 masu shiga sun kai 10,112. Ka yi lissafi da kanka: dukkansu sai sun tashi daga kujera a cinye, ban da mutum ɗaya. Kusan kashi 85 cikin 100 kuwa ko sisi ba sa komawa gida da shi. Zaure ne da ake tara dubban masu faɗuwa, saboda haka dole suka koyi yadda ake faɗuwa.

Faɗuwarsu kuma tana da ɗaci irin na taka. A wannan wasa mutum kan yi komai daidai a kuma cinye shi. Akwai kati biyu da in ka riƙe su babu wanda ya fi ka kafin a buɗe na tsakiya, amma in ka kara da mai riƙe da ƙananan kati biyu iri ɗaya, a cikin karo biyar sai ya kayar da kai kusan sau ɗaya. Katin ƙarshe da mai rabo zai juya, shi ne bakin ragarsu.

Na sha kallon wannan lokacin. Mutum ya yi kwanaki a zaune, awa goma ko fiye kowace rana, ya tura jarinsa duka tsakiyar tebur yana gaba. A juya katin ƙarshe, ya zama na abokin karawarsa. Za ka ga fuskarsa ta faɗa kamar an zare mata jini. Sai ya yi shiru na numfashi ɗaya ko biyu, ya bubbuga tebur da tafin hannu a hankali, wato an yi wasa mai kyau. Ya miƙe, ya miƙa hannu ga wanda ya fitar da shi, ya yi wa sauran 'yan tebur fatan sa'a, ya ɗauki rigarsa daga bayan kujera, ya tafi. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Ranar da na fara lura da wannan, sai ceɗiyar unguwarmu ta faɗo mini a rai, na ji kunya ta rufe ni a ƙasar da babu wanda ya san labarina. Mutumin nan dala 10,000 ya rasa. Ni ƙwaryar goro na rasa, wadda dama ba tawa ba ce.

Abin da na gane ke nan, jikana. Idan aka cinye ka, komai ya koma hannun wanda ya ci: maki nasa, kofi nasa, tafi nasa. Abu ɗaya ya rage wanda alƙalin wasa ba shi da iko da shi, sa'a ba ta da iko da shi, shi ne hannunka da yadda za ka tashi. Wannan ba a cinye shi, sai dai kai ka zubar. Ranar Asabar yaron nan wasa ɗaya ya ci ka. Faɗuwa ta biyu kai ka yi wa kanka, ita ce kuma mutane suka tafi gida da ita.

To ga abin da nake so ka riƙe in an fitar da kai. Kada ka motsa sai ka ja numfashi. Ɓarnar da na yi ta shekara bakwai a cikin ƙiftawar ido na yi ta. Da na zauna na ƙirga uku da ƙafata ba ta tashi ba. Sannan ka ajiye kayan wasa a hankali, domin katako bai yi maka laifi ba, kuma jifa da shi zagi ne da ba a furta ba. Ka riga shi miƙa hannu, ka dube shi a ido. Hannun da aka miƙa ana kallon gefe, ko aka ba da yatsu biyu aka fizge, gara babu. Maganarka ta zama gajeriya: "Ka yi wasa, Allah ya ba da sa'a a gaba." Kada ka ƙara da "amma". Duk abin da ya biyo bayan "amma" ƙwace gaisuwar yake yi. Ka gaida alƙali, ka tattara kayanka, ka ba da wuri.

Bayan ka fita kuma kada ka zama mai yawo da labarin raga. 'Yan poka kansu sun gaji da mutumin da ke tare kowa a hanya yana ba shi labarin katin ƙarshe da ya cuce shi, domin kowa a zauren yana da irin nasa. Ka tuna sau nawa ƙwallonka ta taɓi raga ta faɗa wajen wani ka yi murna. A wasan da ya kai ka kusa da na ƙarshe sau biyu na ƙirga. Sa'a ba ta da ɗan gida, yau gare ka gobe ga ɗan'uwanka.

Kada kuma ka zaci gwaninta tana wanke mummunan hali. Akwai wani Ba'amurke mai suna Phil Hellmuth. Ya ci babbar gasar a 1989 yana da shekara 24, kuma ya tara munduwar zinariya 17, wadda ita ce lambar girman gasar, babu wanda ya kai shi. Amma an sha nuna shi a talabijin yana zazzaga wa wanda ya cinye shi masifa, yana kiransa wawa, yana zagaye tebur yana sababi. Sau da yawa yakan dawo ya ba da haƙuri, amma magana zarar bunu ce. A yau in an ambaci sunansa, da yawa fushinsa suke fara tunawa kafin munduwarsa, har laƙabin shagwaɓaɓɓen yaro aka yi masa. Hali zanen dutse ne, kuma a ranar faɗuwa ake karanta zanen.

Idan wata rana zuciya ta ci ƙarfinka har ka ji in ka buɗe baki ɓarna za ta fito, to ka karɓi hannun da aka miƙo, ka gyaɗa kai, ka fita shiru. Babu mai zargin wanda ya tafi shiru. In ka huce ka dawo ka cika gaisuwar.

Sauran rabin nasihar na ranar da kai ne ka ci, domin ranar tana nan tafe da yardar Allah, kuma ta fi wuyar riƙewa. A teburin poka da yawa cikin masu hankalinsu suna ganin wanda ya ci ya dakata, ya bar wanda aka fitar ya fara miƙo hannu, saboda mutumin da aka kwashe masa komai yanzu-yanzu yana bukatar numfashi ɗaya kafin ya iya murmushi. Kada ka ce to ai yaron nan ne ya yi gaggawa. A ƙwallon tebur al'ada ce duka biyun su nufi juna da zarar an tashi, kuma hannu in ya riga ya miƙo, karɓarsa ta zama wajibi a kanka. Darasin da za ka ɗauka shi ne ka riƙa karanta fuskar wanda ka kayar. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ka ga yana bukatar lokaci, ka ba shi.

Kada ka koya masa wasa a wannan lokacin, kada ka nuna masa inda ya yi kuskure. Ya fi ka sani. Kada ka ce masa ba ka so hakan ba alhali kana so, domin ƙarya ce kuma ya gane. Akwai wata ɗabi'a da 'yan poka suka tsana ƙwarai: mutum ya san katinsa ya ci, amma ya ƙi buɗewa da wuri, ya bar ɗan'uwansa ya fara murna, sannan ya buɗe. Wannan wasan kyanwa da ɓera ne, kuma kowane wasa yana da irinsa. Murna kuma ka yi ta da awo. A 2007 wani matashi mai suna Hevad Khan, wanda ya zo na shida a babbar gasar, ya riƙa ihu da tsalle-tsalle duk lokacin da ya ci, har shekarar da ta biyo baya masu shirya gasar suka kafa dokar hana murnar da ta wuce kima. Ka ajiye ihunka sai ka bar gaban wanda ka kayar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi ba ni kunya a duk wannan shi ne, mu ba sai mun je Las Vegas koyon miƙa hannu ba. Musafaha sunna ce a wurinmu, malamai sun karantar da mu falalarta tun muna yara, sun kuma karantar da mu cewa ƙarfin gaske yana wajen mai danne fushinsa. Mu ne muke haɗa hannu biyu mu gaida mutum, mu mai da hannun ƙirji don mu nuna gaisuwar ta shiga zuciya. Mu ne muke rusunawa in babba ne. In kuma mace ce ka kara da ita a wata gasa, ta muhawara ko ta karatu, ka ɗora hannu a ƙirji ka taya ta murna, ya wadatar. Ka dubi kokawar takobi ta Nijar, da ake yi tun 1975, jihohi takwas kowace da 'yan kokawarta goma. Ƙato ya kayar da ƙato a gaban dubban jama'a da makaɗa, sau da yawa kuma sai ka ga ya juyo ya kama hannun wanda ya kayar ya tashe shi, su rungumi juna da rairayi a jikinsu. Sun san gaba da gabanta, kuma baɗi za a sake haɗuwa.

Kada ka raina abin don wasa ne. Wanda bai koyi faɗuwa a tebur ba, ba zai iya ta a kasuwa ba, ko a neman aure, ko a neman kujera. Kana ƙarami lokacin, amma ka tambayi mahaifinka yadda gari ya kasance a ƙarshen watan Maris na 2015. Mutane sun rufe shaguna, wasu sun kwashe iyali sun bar gari, ana jiran sakamakon zaɓe cikin fargaba. Ranar 31 ga wata, kafin a kammala sanarwa, Shugaba Goodluck Jonathan ya buga wa Janar Muhammadu Buhari waya ya taya shi murna. Kowa da ra'ayinsa a kan mulkin mutanen biyu, amma wannan waya hannu ce da wanda aka kayar ya miƙa, kuma a daren mutane da yawa sun yi barci da ido biyu rufe. Irin wannan zuciya tun a filin wasa ake fara renonta.

Bari in ƙarasa maka labarin telan. Ranar da mahaifina ya rasu, muna zaune a tabarma ana karɓar gaisuwa, sai na ga inuwa ta tsaya a kaina. Na ɗaga kai, shi ne. Ya durƙusa, ya miƙo hannu biyu, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba." Bai ambaci dara ba, a ranar ko bayanta. Na riƙe hannun nan na kasa saki, na yi kukan da rabinsa na mahaifina ne, rabinsa na kaina. Mun koma abota har Allah ya karɓi ransa, shi ya ɗinka rigar da na sa ranar auren mahaifinka. Amma abu ɗaya yana ci mini rai har gobe: sau biyu ya miƙo hannu, ni ko sau ɗaya ban riga shi ba. Shekara bakwai ina da dama kullum, gidansa bai fi tafiyar minti biyar ba, na tsaya sai da mutuwa ta yi mana sulhu. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Kai naka kwana uku ne kacal, bai yi tsami ba tukuna. Saboda haka ga abin da nake roƙonka. Gobe in an tashi daga makaranta ka nemi yaron nan. Kada ka aika saƙo ta waya, ka je da ƙafarka, kuma in da hali a gaban abokansa, tunda a gaban jama'a ka kunyata shi. Ka yi masa sallama, ka miƙa hannu, ka ce, "Na yi kuskure ranar Asabar, ka yafe mini. Ka yi wasa mai kyau." Kada ka ambaci raga. Daga nan ka wuce wajen malamin wasanninku ka ba shi haƙuri a kan katakon da ka jefar. Za ka ji nauyi a hanya, ƙafarka za ta so juyawa. Ka daure, nauyin na minti ɗaya ne.

In ka yi haka ka zo ka same ni da yamma. Zan haƙa mana gurabe a tsakar gida in koya maka dara, kuma duk wanda aka cinye cikinmu shi zai fara miƙa hannu. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka nasara mai amfani, ya kuma ba ka zuciyar da za ta ɗauki rashinta.

Kakanka.